Rasuwar 'Yar Aike, Baƙar Wayar Gidan Bahago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki tun ranar Litinin, ni Alhaji Labaran Bahago, babban manajan Kamfanin Bahago da 'Ya'yansa, masu sana'ar manyan riguna da huluna a Ƙofar Galadima cikin birnin Zariya, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan ciniki, da masu yi mana ɗinki na birni da na ƙauye, rasuwar baƙar wayar nan da ta haɗa kwamfutocin kamfaninmu, wadda kowa ya fi sani da 'Yar Aike. Rai ya yi halinsa da hantsin Litinin, cikin wannan damina ta 1998, a tsakar gidanmu. Ta cika tana bakin aiki, da saƙo a cikinta.

Shekararta biyar a hannunmu. Injiniya Sailuba, wadda ita ta shimfiɗa ta tun farko, ita kuma ta tsaya a kanta a ciwon ajali, ta ce a wajen irinsu wannan tsufa ne tukuf. Ni dai ban ga tsufa a jikinta ba. Har ranar da ta bar mu fatarta sumul take, in ka ɗebe inda rana ta sa ta ɗan koɗe, da inda kitsen layya ya taɓa.

Ga waɗanda Allah bai nufa sun gan ta ido da ido ba, marigayiya doguwa ce, baƙa wuluk, kaurinta bai fi na fensir ba. A ƙasar waje aka haife ta, ta sauka Legas, ta iso mana a naɗe a bayan fijo tare da buhun albasar direba. Kanta yana zaurena na gabas, inda babbar kwamfutar kamfani take zaune. Ƙafarta tana zauren ƙanena Ja'afaru, can ƙarshen gidan ta yamma. Jikinta kuwa ya ratsa cikin gida, ya bi ta kan azara, ya tsallake rijiya, ya gifta ƙofar ɗakin mahaifiyarmu Inna Barira. Kwamfuta huɗu ne a maƙale da ita, duk abin da ɗaya za ta gaya wa ɗaya sai ta bakinta. Sailuba tana kiran wannan haɗi netwok. Mu a gida ba mu wahalar da harshe ba, muka ce 'Yar Aike, sunan ya bi ta.

Tarihin mamaci ba ya cika sai an faɗi abin da ya kawo shi, don haka zan faɗa, ko da wani zai ɓata rai. Bayan rasuwar mahaifinmu Alhaji Bahago, Allah Ya ji ƙansa, muka zauna mu biyu don tsara abin da kamfani zai fara sawa a gaba. Ni na ce rufin sito, don yana yoyo a kan shadda. Ja'afaru, wanda ya yi karatun akanta a Kaduna ya dawo da tabarau da ra'ayi, ya ce kwamfuta. Wai duk kamfanin da ya san ciwon kansa ya sayi kwamfutoci ya ɗaure su da juna, mu kaɗai muka rage muna lissafi da yatsu. Na ce yatsun ne suka kai shi makaranta. Sai ya dube ni, a gaban masu ɗinki da suka zo karɓar zare, ya ce, "Yaya, zamani ya tafi ya bar ka a tasha." Na ba shi amsar da ta dace babba ya ba ƙarami. Ba zan maimaita ta a nan ba, don mata da yara za su ji wannan sanarwa.

Tun daga ranar magana ta fatar baki ba ta sake haɗa mu ba. Ya fasa katangar baya ya gina zaurensa. Ni ina sayen yadi da zare ina rarraba wa masu ɗinki, shi yana sayar da riguna yana aikawa Legas da Kano. A masallaci ni ina ƙarshen sahu ta dama, shi ta hagu. Wajen Inna ni nake shiga gaisuwa da safe, shi sai bayan la'asar.

Kafin zuwan marigayiya, akawunmu Malam Aƙilu ne ke kai saƙo tsakanin zaure da zaure. Da yake shi ba muharrami ba ne, ba ya ratsa cikin gida, sai ya zagaya ta lungu, ya wuce mai ƙosai, ya tsallake kwata. Dattijo ne mai son zaman lafiya, wannan kuwa shi ne aibinsa. In na ce, "Je ka gaya wa wancan ya daina sayar da rigar aska takwas a farashin aska biyu, in ba kansa ne ya taɓu ba," kafin ya gama zagayen lungu saƙon ya huce, sai ya isa ya ce, "Alhaji yana gaisuwa, ya ce Allah Ya ƙara kasuwa." Ja'afaru ya ji daɗi ya ƙara rage farashi. Da gwiwoyin Malam Aƙilu suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai na yarda a kawo waya. Ina so jama'a su ji wannan da kyau: saboda gwiwar Malam Aƙilu na yarda, ba don wani ya yi gaskiya ba. Rufin sito kuwa har yau yana yoyo.

Injiniyoyin farko daga Kaduna suka zo, maza uku cikin kwat. Suka auna, suka ce hanya mafi kusa ita ce ta tsakar gida, suka saɓi tsani suka nufi ƙofar shiga. Na tambaye su ina za su. Suka ce aiki. Na ce a gidan nan ko likita sai an yi shawara. Suka sha ruwa suka koma inda suka fito. Daga baya aka ba mu labarin wata Sailuba a Samaru da ta karanci wannan fanni. Ta zo, ta cire takalmi, ta durƙusa ta gai da Inna, ta ɗaure mayafi a ƙugu ta haye tsani. Matan gida suka bar tuwo a wuta suna kallo. Da ta gama ta toshe bakin wayar na nan da na can da wasu 'yan hulunan ƙarfe biyu, ta yi mana gargaɗi: kada a cire hula, kada kuma a rataya komai a jikinta.

Marigayiya mai gaskiya ce. Ba ta ƙari, ba ta ragi. In ka ba ta faɗa, faɗa za ta kai da zafinsa, shi ya sa a makonta na farko farashin aska takwas ya koma inda ubanmu ya bar shi. Ba ta tsayawa hira a hanya, ba ta cin goro, ba ta jiran tukuici, ba ta taɓa cewa yau tana da biki a Tudun Wada ba. Ga riƙon amana. Shekara biyar tana ratsa tsakiyar matan gidanmu da sirrin kamfani a cikinta, ba a taɓa jin kalma ɗaya a bakin rijiya ba. Duk wanda ya san gidanmu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai haƙuri ce kuma. Gargaɗin Sailuba na isar da shi cikin gida ta bakin maiɗakina Tani, kowa ya ce to. Washegari na shiga gai da Inna, na tarar da zannuwa jere a kanta tun daga rijiya har ɗakin girki. Na yi faɗa aka kwashe, na fita aka mayar. Hujjarsu ita ce tunda suke ba su taɓa samun igiyar da ba ta ruɓewa, ba ta saki, ba ta ɓata farin kaya irin wannan ba. Da Babbar Salla a kanta ake shanya naman layya. Na sha zama a zaure ina aika bayanin kayan Legas, na san sarai ta ƙarƙashin haƙarƙarin rago yake wucewa, ya kuma isa lafiya, ko ƙamshin nama bai ɗauka ba. Marigayiya ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyaka in an ɗora mata jiƙaƙƙen bargo, ka ji ƙusoshinta sun ce "ƙiiit", shi ke nan.

Ba mai yawan magana ba ce, amma muryarta tana kunnena har yanzu. In hadari ya taso iska ta biyo tsakar gida, sai ta ce "zuuuu" ƙasa-ƙasa, mata su san lokacin kwashe shanya ya yi. In ta kawo saƙo, kwamfutar gabana ta ce "ɗit", sau ɗaya tak, cikin ladabi, kamar mai sallama a ƙofar surukai. In kuwa jikinta ya motsa, sai ka ji "ɗit-ɗit-ɗit" ta ko'ina, zaure biyu su rikice.

Don tana da lalura guda wadda aka haife ta da ita: in an taɓa ta a wuri ɗaya, kowa ya tsaya. Ita ba ta san a ce ciwon na can ne, ba na nan ba. Wata shekara Mero, 'yar'uwar Tani da ta zo daga ƙauye, tana fita ta zaure da sassafe ta ga 'yar hular ƙarfe tana ƙyalli a bayan kwamfuta. Ta murɗe ta, ta gwada a bakin tandun kwallinta, ta ga ta zauna daram. Kamfani ya tsaya cik. Sai a wani gidan biki a Ƙofar Doka aka cim ma hular, kuma sai da aka fanshe ta da sabon ɗankwali. Aka mayar wa marigayiya, ta ce "ɗit", ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Ba ta riƙo.

Amma babban aikin da za a tuna ta da shi ba na kasuwa ba ne. Limamin unguwarmu Malam Inuwa ya daɗe yana bina da nasiha, yana bin Ja'afaru, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Ni na ce ƙarami ke zuwa gai da babba, haka muka taso muka gani. Shi kuma na ji an ce ya ce wanda ya yi zagi shi ke fara tattaki. Ana nan, wata safiya bayan zuwan marigayiya, sai na ji "ɗit". Na duba allon kwamfuta na ga an rubuta: Salamu alaikum, Yaya, an tashi lafiya? Na daɗe ina kallo. Sannan na sa yatsu biyu na lalubo haruffa na amsa. Na aika aka kira Liman ya zo ya gani. Ya gyara rawani, ya leƙa allo, ya leƙa bayan kwamfuta, ya bi wayar da ido har inda ta shige cikin gida. Ya ce, "To, Alhaji, sallama ta zo, amsa ta koma. Ban ce na ji daɗi ba, amma ba zan kira wannan gaba ba." A kan wannan hukunci muka rayu shekara biyar. Ba wanda ya durƙusa, ba wanda ya taka, ba kuma wanda ya kwana da zunubi.

Tunda sanarwar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce, zan faɗa: na saba da wannan "ɗit" ɗin, kuma ina kewarsa. Nakan riga kowa buɗe zaure, in zauna ina jujjuya yadi kamar mai neman lahani, alhali kunnena yana kan kwamfuta. In sallama ta makara, na san gyambon cikinsa ya tashi, sai in sa Tani ta aika da kunu ba tare da an ce daga ina ba. In haruffa sun zo a hargitse, ya manto tabarau a ɗaki. Lokacin da ƙafata ta kumbura, ya ƙara wani abu a ƙasan sallama: Ya ƙafa? Na amsa: Da sauƙi. Ranar sai da na tura Malam Aƙilu sayen goron da ba na bukata, na ja ƙofar zaure na ɗan zauna ni kaɗai.

A 'yan shekarun nan marigayiya ta ga wulaƙanci a hannun zamani. Kowace shekara sai 'yan kwat sun dawo daga Kaduna da takardu masu hotuna, su ce bankuna da manyan kamfanoni duk sun daina yayin baƙar waya. Yanzu shuɗiya ake yi, kowace kwamfuta da tata, duk su taru a wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu da ake kira hob. Amfaninsa, wai, in wayar wani ta tsinke, sauran ba ruwansu, su ci gaba da aikinsu. Na ce musu wannan ai ba ci gaba ba ne, rashin zumunci ne. A gabanta suke faɗar duk wannan, tana ji. Ni da Ja'afaru kuwa ta cikinta muke yin taron shekara na abin da za a fara saya. In rubuta rufin sito, ya rubuto hob. In rubuta janareta, ya rubuto hob. Ita da kanta ke ɗauko maganar korarta ta kawo mini, ba ta taɓa yar da ita a hanya ba.

Bana kuma sabon yayi ya shigo, wai imel, inda ake haɗa kwamfuta da layin tarho a yi magana da Jidda da Landan. Ja'afaru ya ɗauki abin da zafi. Mutumin da ya kasa tsallake rijiyar gidan ubansa ya gai da yayansa, shi ne zai gaisa da mutanen Landan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin da Malam Aƙilu ya kawo, shi da ba ya kawo mummunan labari sai ya zubar da rabi a hanya: wai Ja'afaru ya tambayi Sailuba yadda zai sami tasa babbar kwamfuta da nasa layi. Kowa ya san ma'anar wannan. Muddin marigayiya tana raye, bayanan kamfani a zaurena suke, dole ya biyo ta kanta kowace safiya. In ya yi tasa, kamfanin Bahago ya zama biyu, "da 'Ya'yansa" ya rage a jikin allon ƙofa kawai.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ranar Litinin gari ya waye da yayyafi. Da hantsi ta ce "ɗit", sallamar Ja'afaru ta iso kamar kullum. Na gyara zama, na lalubo haruffa, na rubuta amsa, na danna. Sai "ɗit-ɗit-ɗit". Na sake dannawa. "Ɗit-ɗit-ɗit". Malam Aƙilu ya duba hula, tana nan. Na kashe na kunna, na hura bayan kwamfuta, na ɗan bubbuga mata kafaɗa yadda ake yi wa rediyo. Shiru. Amsata tana nan a kan allo, ba ta je ko'ina ba.

Sailuba ta iso bayan azahar da 'yar na'urarta ta awo. Ta fara daga kai, ta bi jiki a hankali, ina biye da ita. A ƙofar ɗakin Inna muka sami marigayiya gida biyu, wannan ɓari yana lilo, wancan yana kwance cikin ruwan indararo. Sailuba ta ɗaga bakin ta duba. Ta ce ba ɓera ba ne, don ɓera ba ya yanka a miƙe haka. Ba tsawa ba ce, babu ƙuna. Ba kuma nauyin bargo ba ne. Duk wannan bayani Inna tana zaune a tabarmarta tana jan carbi, babban almakashin marigayi Baba na yankan shadda yana ajiye a gefen ƙafarta. Ko ɓoye shi ba ta yi ba. Ta ce, "Ku daina wahalar da yarinya, ni na yanke ta. Shekara biyar ina zaune ƙarƙashin igiyar shanya, ana ce mini 'ya'yana suna gaisawa ta cikinta. Ni ban ji ba, ban gani ba. Yanzu kuma an ce ɗaya zai ja tasa igiyar zuwa Landan. Mutum biyu na haifa ko akwatin talabijin biyu?"

Sailuba ta ce ciwon ba na mutuwa ba ne, akwai wani ɗan ƙarfe da ake haɗa baki da baki, kafin a sha ruwa ta tashi. Har ta sa hannu a jaka. Inna ta ce, "Duk wanda ya sa aka haɗa ta a cikinku, ban yafe masa nonon da ya sha ba." Sailuba ta zare hannunta daga jaka a hankali, ta dube ni ta ce, "Alhaji, sai haƙuri." A nan aka tabbatar da rasuwa. Iyalai sun karɓi abin a matsayin ƙaddara, tunda a gidanmu babu wanda zai iya kai ƙarar Inna, babu ma wanda zai yarda ya tsaya shaida.

Bayan sallar magariba Liman ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci. Na zaci ta'aziyya zai yi mini. Sai ya ce, "Alhaji, hukuncin nan da na ba ku, a jikin wayar yake rataye. Ta faɗi, ya faɗi. Kwana uku sun fara daga hantsin yau." Ya sake ni ya nufi inda Ja'afaru ke neman takalminsa.

Marigayiya ta bar babbar kwamfuta, wadda tun ranar take zaune tana huci ita kaɗai, ba mai tambayarta komai. Ta bar ƙananan kwamfutoci uku, marayu, kowace ba ta san halin da 'yar'uwarta ke ciki ba. Ta bar firinta, wadda dama ba cikakkiyar lafiya gare ta ba, kuka take tun kafin a yi mutuwar. Ta bar 'yan huluna biyu da babu kan da za su rufe. Ta bar matan gida da jiƙaƙƙun kaya a tsakiyar damina. Ta bar Malam Aƙilu, wanda da jin labari ya zauna a dakali ya riƙe gwiwoyinsa yana salati, don ya san abin da ke tafe. Sai dai Inna ta aiko masa cewa ya huta abinsa, in ta ji ƙarar gwiwa a lungu, almakashin yana nan inda yake. Ta kuma bar wani mutum a zauren yamma, wanda aka ce shi ma ya shimfiɗa tabarma yana karɓar gaisuwa, wai shi ne mai mutuwa tunda shi ya kawo ta. Ina tunatar da jama'a cewa kan marigayiya a zaurena yake.

Muna ba da haƙuri ga 'yan'uwan da suka ji an yi rashi a gidan Bahago suka rugo daga Ƙofar Kuyambana da kuka, suna zaton Inna ce. Inna tana nan lafiya, ta fi kowa a gidan lafiya, ita ce ma ta ba su ruwa suka wanke fuska.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Da yake marigayiya mace ce, mata ne za su shirya ta ƙarƙashin jagorancin Sailuba, wadda ta ce a goge ta da busasshen tsumma ban da ruwa, ko da yake ban ga abin da ruwa zai rage mata yanzu ba. Liman ya ce ba zai yi wa waya salla ba, kada ma wanda ya tambaye shi, amma bai ga laifin mutane su zauna su ci abinci su yi wa iyayensu addu'a ba. Game da makwanci an sami saɓani. Ni na so a naɗe ta a ƙyallen farar shadda a ajiye a sito, a ɓangaren da ba ya yoyo. Matan gida suka kawo kuka cewa a bar musu gawar, su ƙulla ta a tsakiya ta ci gaba da shanya. Inna ta goyi bayansu, don haka an gama magana.

Za a yi zaman uku ranar Alhamis da safe, kafin hantsi. Maƙwabta da masu ɗinki da abokan ciniki su tsaya a zauren gabas, Malam Aƙilu zai karɓe su da goro da ƙosai, yana zaune. Ba a karɓar ta'aziyya ta tarho, ko ta takarda, ko ta bakin ɗan aike. 'Yan kwat na Kaduna in sun zo muna maraba, amma su bar takardunsu masu hotuna a mota. Maganar hob da imel, da rufin sito, za a yi ta, sai dai da baki za a yi, in an sami bakin yi.

'Ya'yan gida kuwa ba a zauren gabas za su zauna ba, ba kuma a na yamma ba. Inna ta ce a ƙofar ɗakinta, inda abin ya faru. Na sa Sailuba ta auna ɓari biyun marigayiya, ta ce tsawonsu ɗaya, babu wanda ya fi wani ko da taƙi. Tsohuwar nan ba da ka ta yi yankan ba. Wanda ya taso daga gabas da wanda ya taso daga yamma tafiyarsu ɗaya ce. Kuma a al'adarmu ko wanda ake gaba da shi yana zuwa gaisuwar mutuwa. Ba a tambayarsa me ya kawo shi, ba a cewa ya durƙusa, ba a cewa shi ya fara. Tabarma ɗaya za a shimfiɗa, kwano ɗaya za a ajiye, ɗumamen tuwo da man shanu, irin wanda muke faɗa a kan ƙanzonsa muna yara. Na ce a juya ƙanzon ta yamma.

Ja'afaru, an liƙa wannan sanarwa a ƙofar masallaci ta hagu, daidai inda kake ajiye takalmi, don kada ka ce ba ka gani ba. Ka yi mini sallama ranar Litinin, ta iso. Amsar ce ba ta je ba. Amsa sallama wajibi ne, ka sani, na sani, ga ta nan tun ranar a bakina, ba ni kuma da wayar da zan ba ta kai maka. Ka zo ka karɓa kafin hantsi. Ko ka manto tabarau ba komai, wannan ba ta karantawa ba ce.

Mai sanarwa: Labaran, yayanka.